JAN TIRELA MAI WUYA DA MATSAKAICIYAR A-KORI-KURA

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanyar Kano zuwa Zariya ya ga yadda babbar tirela ta ke haɗe da kan motar da ke jan ta. Gaban tirelar ba shi da taya ko ɗaya. Yana zaune ne bisa wani faifan ƙarfe mai tsaga, wanda aka ɗaure a bayan kan motar daidai saman tayoyinta na baya. A ƙarƙashin gaban tirelar kuwa akwai wani gajeren turken ƙarfe da ke shiga cikin tsagar, sa'an nan wasu haƙoran ƙarfe su cafke shi. A Amurka da Kanada an rage girman wannan dabara har ta shiga cikin bodin a-kori-kura. Manoma da makiyaya na can da ita su ke jan shanu da dawaki da ciyawa, masu yawon shan iska kuma su ja ɗakunan kwana masu taya, su yi ta zaga ƙasa da iyalinsu.

Galibi da manyan a-kori-kura a ke wannan aiki, irin su Ford F-250 da Ram 2500, waɗanda aka ƙera musamman domin ɗaukar nauyi. Amma mutane da yawa matsakaiciya gare su, watau ajin Toyota Tacoma da Ford Ranger da Chevrolet Colorado da Nissan Frontier, su kan kuwa tambaya ko tasu za ta iya. Toyota Hilux da ta cika hanyoyin Arewa da na Jamhuriyar Nijar 'yar wannan aji ce, ita da Mitsubishi L200 da Isuzu D-Max. Saboda haka amsar ta shafi masu motocin nan ma, ko da ya ke irin wannan tirela ba ta yawaita a ƙasar Hausa ba. Amsar a taƙaice ita ce za ta iya, amma ƙaramar tirela kaɗai, kuma sai an yi lissafi tukuna. Wanda ya tsallake lissafin ya sa ransa a caca, da na waɗanda ya ɗauko, da na masu tahowa gabansa.

HAƊI IRI BIYU

Na farko shi ne faifan nan mai tsaga. Turawa suna ce masa taya ta biyar. Sunan ya samo asali tun zamanin keken doki mai taya huɗu, wanda a ke shimfiɗa masa wani zoben ƙarfe a kwance bisa tayoyin gaba domin su iya juyawa a kwana. Zoben ya yi kama da taya, sai aka ƙirga shi na biyar. A shekarar 1914 wani maƙeri a birnin Detroit, mai suna August Fruehauf, ya ƙera wa wani mai sayar da katako tirela marar tayoyin gaba, domin ya ja jirgin ruwansa da ƙaramar motar Ford. Da mai katakon ya ga ta yi, sai ya sa a yi masa wasu na jan katako, a 1918 kuma Fruehauf ya kafa kamfanin ƙera tirela. Kaurin turken da a ke amfani da shi inci 2 ne, a ɗakin kwana mai taya da kuma yawancin manyan tireloli.

Na biyu shi ne wanda a ke kira wuyan dinya. Gaban tirelar ya kan miƙo sama, ya tsallake ƙofar bodi, sa'an nan ya sunkuyo da wani bututun ƙarfe kamar dinya za ta sha ruwa. Bakin bututun ya kan hau bisa wani ƙwallon ƙarfe da aka dasa a tsakiyar bodi, mai kaurin inci 2 da 5/16. Makiyaya sun fi son wannan, domin ƙwallon yana barin tirela ta karkata ta kowane gefe a hanyar gona mai kwazazzabai, kuma in an gama aiki a kan cire shi ko a kifa shi, bodi ya koma fili a loda taki. Faifai kuwa ya fi laushin tafiya bisa kwalta, shi ya sa masu ɗakin kwana su ka riƙe shi, sai dai yana da nauyi, ya kan kuma cinye tsakiyar bodi. Wuyan dinya lalle sai da sarƙoƙi biyu da za su riƙe tirela in bututun ya kuɓuce daga ƙwallon.

Abin da ya sa mutane ke son waɗannan biyu fiye da haɗin nan na ƙarƙashin bamba shi ne wurin da nauyi ke sauka. Ƙwallon bamba yana can baya da tayoyin baya, tazarar ƙafa uku ko huɗu. In aka danna shi ƙasa sai gaban mota ya ɗaga, kamar hannun ma'auni, sitiyari ya yi sakwa-sakwa. In kuma iska ta bugi tirelar, ko babbar mota ta gifta ta, sai ta ture gindin motar gefe, tirela ta shiga lilo hagu da dama, wani lokaci har ta kifar da su duka. Haɗin cikin bodi kuwa a kan dasa shi daidai saman aksul na baya, ko a ɗan matsar da shi gaba da inci kaɗan. Nan tirela ba ta da dogon hannun da za ta murɗa motar da shi, sai tafiya ta natsu. Ga shi kuma wani sashe na tirelar yana bisa bodi, saboda haka tsawonsu gaba ɗaya ya ragu.

JA DABAN, ƊAUKA DABAN

Kowane mai amalanke ya san cewa jakin da buhu biyu su ka ishe shi a gadon baya zai ja ninkin wannan sau da yawa in an ɗora bisa taya. Ya kuma san cewa in ya tara kayan a gaban amalanke nauyin bisa jakin zai sauka, ya durƙusa, ko da kuwa kayan ba su fi ƙarfin jansa ba. To, haka mota ta ke. Tana da iyakar abin da za ta ja, tana da iyakar abin da za ta ɗauka, lambobin nan biyu kuwa sun yi nisa da juna ƙwarai.

Masu talla lambar ja su ke ɗagawa, domin ita ce babba. A Amurka da laba a ke awo, laba ɗaya kuwa giram 454 ce, watau ta ɗan gaza rabin kilo. Ford Ranger da aka koma sayarwa can a 2019 an ba ta ikon jan laba 7,500, wajen kilo 3,400 ke nan. Chevrolet Colorado ta 2023 an ba ta har 7,700, Toyota Tacoma ta 2024 har 6,500, Honda Ridgeline kuwa 5,000. Amma abin da waɗannan motoci za su ɗauka bisa tayoyinsu, galibi tsakanin laba 1,000 ne da 1,800, gwargwadon irin motar da kayan alatun da aka ƙara mata. Kowane abin da aka ƙara, ko kujerun baya ne, ko giyar jan taya huɗu, ko ƙarfen gaba, daga cikin wannan lamba ya ke ci.

Tirelar bamba ta kan ɗora wa mota kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta. Mai faifai ko mai wuyan dinya ta kan ɗora kashi 15 zuwa 25, domin tayoyinta sun fi matsawa baya. Wannan nauyi mai yawa shi ne ya ba ta natsuwar da a ke yabo, shi ne kuma ke cika matsakaiciyar mota tun ba a je ko'ina ba.

Ba a neman lambar ɗauka cikin takardar talla. A Amurka doka ta wajabta a manna takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba, wadda ta faɗi iyakar nauyin mutane da kaya a haɗe ga wannan motar ita kaɗai. Direba ma yana cikin ƙirgar. Kusa da ita akwai wata mai haruffa GVWR, watau iyakar nauyin motar da duk abin da ke kanta, da GAWR, iyakar abin da kowane aksul zai ɗauka. Cikin littafin motar kuma akwai GCWR, iyakar nauyin mota da tirela gaba ɗaya. Duk wadda aka fara cimma cikin waɗannan, ita ce iyaka, ko da sauran suna da saura.

Lambar ja ita ma ba da ka aka yanke ta ba. A dā kowane kamfani da irin gwajinsa, kowa na yabon tasa. Ƙungiyar injiniyoyin mota da a ke kira SAE ta fito da ƙa'ida guda mai lamba J2807, Toyota ya fara bin ta a 2011, Ford da General Motors da Ram su ka bi a motocinsu na 2015. Cikin gwajin har da hawan madatsar ruwa ta Davis a Jihar Arizona, mil 11.4 na hawa wanda ya tashi wajen ƙafa 3,000, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba a ma'aunin Salshiyas, na'urar sanyaya mota tana aiki iyakar ƙarfinta, kuma kada gudu ya gaza mil 40 a sa'a. Gwaji ne mai tsanani. Amma fa mutum biyu kaɗai a ke ƙirgawa cikin motar, kowanne laba 150, kuma zafin Sakkwato a watan Afrilu ya kan wuce wancan.

LISSAFIN

A ɗauka, domin misali, ga mota mai ikon jan laba 7,500, takardar ƙofarta kuma ta ce laba 1,400. Mai ita ya ga tirela mai faifai wadda in an loda ta ta kai laba 7,000, ya ce ai ga sauran 500. In turkenta ya ɗora kashi 20 cikin ɗari, laba 1,400 ke nan cif. Mota ta cika, shi kansa bai ko buɗe ƙofa ba.

Ga yadda ya kamata ya yi. Ya fara daga 1,400 ɗin, ya cire nauyinsa, a ce laba 180, da na uwargida 150, da na yara biyu 160. Ya cire nauyin faifan da ƙarafan ɗaure shi, a ce 150. Ya cire na jak da akwatin sifana da jarkar ruwa, a ce 60. Jimla 700, saura 700. Wannan saura shi kaɗai ne rabon turken tirela. In kashi 20 ne, sai ya ninka 700 sau biyar, ya sami laba 3,500, wajen kilo 1,590. Iyakar tirelarsa ke nan da duk abin da ke cikinta, ko rabin lambar da aka yi masa talla ba ta kai ba. In turken ya ɗora kashi 25, iyakar ta sauko 2,800. Abin mamaki, da tirelar bamba ce mai ɗora kashi 12, wannan sauran 700 da ya ishi tirela mai laba 5,800. Watau ga matsakaiciyar mota haɗin cikin bodi natsuwa ya ke ƙarawa, nauyin da za a ja kuwa rage shi ya ke yi.

A yi lissafin da nauyin tirela a cike. Nauyin da masu sayarwa ke rubutawa na wofintacciya ce, ba ruwa, ba tukunyar gas, ba batir, ba kayan abinci. Ruwa kaɗai kowace lita kilo ɗaya ce. Ɗakin ajiya na irin wannan tirela kuwa galibi a gaba ya ke, kusa da turke, saboda haka kusan duk abin da aka jefa ciki bisa motar ya ke sauka.

Akwai 'yan tireloli da aka ƙera domin ƙananan motoci. Kamfanin Scamp a garin Backus na Jihar Minnesota yana yin wata mai tsawon ƙafa 19 da roba mai zaren gilashi, nauyinta a wofi wajen laba 3,000 ko ƙasa da haka. A garin Chilliwack na Kanada kuma a na yin Escape 5.0, wadda iyakar nauyinta a cike laba 5,500 ne. Ko ita, in ta cika ta ɗora kashi 15 kawai, laba 825 ke nan, ta wuce 700 ɗin mai iyalin nan. Ga mata da miji su biyu sai ta shiga. Tirelar dawaki biyu mai wuyan dinya kuwa ta kan haura laba 3,000 tun ba a sa kome ba, kowane doki kuma laba 1,000 ko fiye. Ga shi dabba ba ta tsayawa wuri ɗaya kamar buhu, in an taka birki gaba ta ke zubowa. Irin wannan aikin babbar mota ne.

Mai Hilux zai iya cewa tasa ta fi, domin yawancinsu an ba su ikon ɗaukar wajen tan ɗaya. Gaskiya ne, wannan ya ba shi sarari a wajen turke. Amma wata iyakar na jiransa. Hilux mai kujeru biyar da jan taya huɗu wadda aka sayar a Ostareliya a 2020 an ba ta ikon jan kilo 3,500, iyakar mota da tirela a haɗe kuma kilo 5,850. In aka cire 3,500 saura 2,350, motar kuwa a wofi ta haura tan biyu. Abin da ya rage wa mutane da kaya bai kai kilo 350 ba.

Lissafin takarda kintace ne, sikeli ke faɗin gaskiya. A tashoshin manyan motoci na Amurka da Kanada akwai sikelin kamfanin CAT Scale, wanda aka fara a 1977, mai faranti uku, ɗaya na tayoyin gaba, ɗaya na baya, ɗaya na tirela. A kan auna mota da tirela a haɗe, da mutane da kaya kamar yadda za a yi tafiyar. Sa'an nan a kwance tirela a sake auna motar ita kaɗai. Bambancin nauyin motar a awon farko da na biyu shi ne nauyin turke. A duba aksul na baya da kyau, domin kusan duk nauyin nan shi ke sha, shi ya kan fara wuce iyaka. Wasu in sun ga gindin mota ya zauna sai su ƙara ganyen sifirin ko su sa jakar iska. Wannan zai miƙar da motar a ido, amma boris da aksul da birki da taya suna nan yadda su ke, lambar jikin ƙofa ba ta ƙaru da ko laba ɗaya ba.

GAJEREN BODI

Babbar a-kori-kura ta aiki bodinta ƙafa 8 ne. Na matsakaiciya ƙafa 5 ne ko 6. Faɗin yawancin ɗakunan kwana masu taya ƙafa 8 ne, watau daga turke zuwa kowane gefe ƙafa 4. In mota ta karya kwana sosai har ta gicciye da tirela, gefen tirelar zai zo inda ɗakin direba ya ke, sai fa in tazarar turke da ɗakin ta fi ƙafa 4. A gajeren bodi ba ta kaiwa. Sakamakon shi ne kusurwar tirela ta fasa gilashin baya ta lotsa ɗakin, yawanci wajen ribas, sa'ad da idon direba ke wani wuri, yara kuwa a kujerar baya su ke zama.

Maganin da aka samu shi ne faifai mai zamewa bisa dogo, wanda a ke turawa baya in za a yi kwana a hankali, a mai da shi gaba in za a hau hanya. Akwai mai yin haka da kansa. Amma ya fi na kullum nauyi nesa, nauyin kuma daga rabon turke zai fita. Ba a kuwa tafiyar hanya da shi a ture baya, domin an mai da nauyi bayan aksul ke nan, an zubar da amfanin haɗin. Ƙananan tirelolin nan da aka ambata ba su kai ƙafa 8 faɗi ba, shi ya sa su ka fi dacewa. A kuma bar tazarar wajen inci 6 tsakanin bakin bodi da ƙarƙashin tirela, domin in an sauka gangare ko an hau tudu kada su haɗu.

ƊAURE ƘARFEN

Ƙasan bodi falle ne, ba shi riƙe tirela. Ƙarafan haɗi ta cikinsa su ke ratsawa su kama shasi da manyan notuna. Bodin Tacoma ma tun daga 2005 da roba mai tauri a ke yin cikinsa. Honda Ridgeline kuwa ba ta da shasi daban irin na sauran, jikinta a haɗe ya ke kamar na ƙaramar mota. Yawancin masu ƙera matsakaitan motoci ba su ba da lambar nauyi ga haɗin cikin bodi. Littafin ja na kamfanin Ford ya ba da ita ga F-150 da waɗanda su ka fi ta, bai ba Ranger ba. Saboda haka mai mota ya karanta littafinta kafin ya huda kome, in ta hana to ta hana.

A garuruwan Arewa akwai masu walda gwanaye, waɗanda in an nuna musu hoto da safe za su ƙera abin kafin la'asar. A nan dai a yi hattara. Zafin walda yana raunana ƙarfen shasi, haka kuma huda leɓensa na sama ko na ƙasa. Tsagar ba ta nunawa ranar da aka yi aikin, sai bayan watanni bisa hanya mai ramuka. Ƙwallo da turke da haƙoran faifai kuma ba abin ƙerawa da guntun ƙarfen da aka tsinta ba ne. A sayi waɗanda masana'anta ta buga wa iyakar nauyinsu a jiki.

BIRKI

Birkin mota domin nauyinta aka yi shi. Tirela mai tan ɗaya da rabi lalle ta zo da nata. Jihohin Amurka da yawa sun wajabta haka ga tirelar da ta kai laba 3,000, Kalifoniya kuwa tun daga 1,500 ga ɗakin kwana mai taya. Galibi birkin na lantarki ne. Waya mai baki bakwai ke kai wuta daga mota zuwa fitilu da sigina da birkin tirela, a gaban direba kuma akwai wani ɗan akwati da ke ƙayyade ƙarfin kamun. A kan gwada shi a fili, a gudun wajen mil 25 a sa'a: a matsa hannun akwatin shi kaɗai, in tayoyin tirela sun ƙame suna jan ƙasa a rage, in ba a ji kamu ba a ƙara, har a tsaya dab da inda za su ƙame. In nauyin kaya ya sake, a sake gwaji.

Akwai kuma wata siririyar igiyar ƙarfe da a ke ɗaurewa a jikin motar. In tirela ta ɓalle, igiyar za ta fizge wani ɗan maɓalli, batirin tirelar ya kama birkinta ta tsaya. In batirin ya mutu igiyar ado ce. Ba a ɗaure ta a jikin faifan, domin in faifan ne ya tumɓuke tare za su tafi.

HAƊAWA DA TUƘI

Kafin a haɗa, a sa weji gaba da bayan tayoyin tirela, a sauke ƙofar bodi. A daidaita ƙafafun gaban tirela har farantinta ya ɗan yi ƙasa da saman faifai, domin in mota ta yi ribas tirelar ta hau faifan da kanta. In ta yi sama da yawa, turke zai zauna bisa haƙoran maimakon ya shiga tsakaninsu, hannun kulle kuwa ya rufe kamar kome lafiya. Direba ya sauko da tocila ya duba da idonsa: haƙora sun zagaye wuyan turke, ba kuma haske tsakanin faranti da faifai. Sa'an nan ya ɗaga ƙafafun tirela inci ɗaya kawai daga ƙasa, ya kama birkinta da hannun akwati, ya ɗan ja gaba. In akwai kuskure, tirela bisa ƙafafunta za ta faɗo. Wanda ya ƙi wannan ɗan gwaji, bisa bodinsa za ta faɗo, ko bisa hannun yaron motarsa. Bayan haka a naɗe ƙafafun sarai, a rufe ƙofar bodi, a gwada fitilu, a duba iskar taya duka tun suna da sanyi.

A kwana, tayoyin wannan tirela su kan yanke ta ciki fiye da na tirelar bamba. Sai direba ya shige gaba sosai kafin ya karya sitiyari, idonsa na kan madubin ɓangaren da ya juya, domin a nan mai babur da mai talla su kan tsaya. A ribas kuma ba ta saurin amsawa, daga baya sai ta juya gaba ɗaya. Dabarar da a ke koya wa sabon hannu ita ce ya riƙe sitiyari ta ƙasa, inda ya ke son gindin tirela ya nufa nan zai kai hannunsa, kaɗan-kaɗan. Mai nuna masa hanya ya tsaya inda zai gan shi a madubi. In ya ɓace masa, ya tsaya cak.

Gudu shi ne abokin gaba. Kalifoniya ta ƙayyade wa duk mai jan tirela mil 55 a sa'a, tayoyin tirela da yawa kuma mil 65 ne iyakarsu. Goshin tirela mai faifai dogo ne, yana tare iska kamar bango, saboda haka inji ya kan sha wuya ko a shimfiɗaɗɗiyar hanya, mai kuma ya ƙare da wuri. Direba ya rubuta tsayin tirelarsa ya manna a gabansa saboda gadoji da wayoyin lantarki. Ya bar tazarar da ta ninka ta kullum tsakaninsa da na gaba.

A kan tudu iska ba ta da kauri, injin da ba shi da tabo ya kan rasa wajen kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000. Ford ya ba da shawarar a rage jimlar nauyin mota da tirela da kashi 2 cikin ɗari a kowace ƙafa 1,000. Garin Jos yana wajen ƙafa 4,000 bisa teku, mai zuwa can sai ya rage kashi 8. Saukowa ta fi hawa hatsari. Mai gangaro Hawan Kibo da tirela a bayansa ya sa ƙaramar giya tun yana sama, wadda da ita zai hau wurin, ya bar inji ya riƙe motar. In gudu ya ƙaru ya taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci, ya saki ya huce. Ɗora ƙafa bisa birki tun daga sama har ƙasa shi ke ƙona shi, a kai tsakiyar gangara a taka a ji wayam. In tirela ta fara lilo, ya ɗaga ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari sosai kada ya bi ta, ya matsa hannun akwati ya kama birkin tirela shi kaɗai har ta miƙe. Da ya sami wuri ya tsaya ya duba yadda kaya su ka zauna.

In an isa, a nemi wuri mai tauri wanda ba gangare, a sa weji tukuna kafin a taɓa kome. A sa katako ƙarƙashin ƙafafun tirela in ƙasa na da laushi ko damina ce, a sauke su har nauyi ya bar motar. A cire waya da igiyar birki da sarƙoƙi, a sauke ƙofar bodi, sa'an nan a buɗe hannun kulle a ja mota gaba a hankali. Faifan da turken a shafa musu giris, ko a sa musu faifan roba da a ke sayarwa domin haka, notunan shasi kuma a sake ɗaure su bayan tafiyar farko.